Gwiwar Baba da Ƙarfen Saminu

Karo na huɗu ke nan Zalihatu tana kiran wayar ƙaninta Mijinyawa, tana tsaye a bakin shagonsa da ke kasuwar Black Market a Adjamé, ƙofa a garƙame. Wayar na shiga, ba a ɗauka. Ƙarfe tara saura kwata. Da ƙarfe uku na rana za a yi wa mahaifinsu, Alhaji Harouna, aikin gwiwa a wani asibiti mai zaman kansa a Treichville, kuma akwatin kayan aikin yana hannun Mijinyawa. Kwana uku asibitin yana neman akwatin, kwana uku shi kuma yana cewa gobe da sassafe. Yau ma'aikaciyar ɗakin tiyata ta ce in bai iso kafin sha ɗaya ba, ba za a samu lokacin dafa kayan a tururi ba.

Wata takwas Baba ya yi yana jiran wannan rana. Ɓangaren ciki na gwiwarsa ta dama ne ya cinye, sauran lafiya lau, shi ya sa Dakta Yapi ya ce ba sai an canza gwiwar gaba ɗaya ba, rabi za a sa masa. Sai dai kamfanin da ke kawo irin ƙarfen a Abidjan ya ce kayansa sun ƙare, a jira. Da jiran ya yi tsawo, Mijinyawa, wanda yake zuwa Istanbul saro kayan wuta, ya ce a ba shi takardar likita kawai. Ya kuwa dawo da ƙarfen gwiwar a like cikin kwalinsa, aka kai asibiti tun ranar. Tare da shi kamfanin na Istanbul ya ba da aron akwati guda na kayan da ake sa ƙarfen da su, domin kowane irin ƙarfe da nasa kayan aikin. Wannan akwatin ne ya maƙale a Adjamé.

Maƙwabcin shagon, Zakari mai cajar waya, ya daɗe yana kallonta ta gefen ido yana karkaɗe kayansa. Da ta juyo ta tambaye shi kai tsaye, ya ce shi dai bai san komai ba, amma in da shi ne yake neman Mijinyawa, da ya leƙa wurin Saminu maƙeri a bayan unguwar 220 Logements.

Ta same su a can. Rumfar Saminu cike take da tsofaffin ƙarafunan motocin hayar da ake kira gbaka da injinan markaɗe, ƙasa baƙi ƙirin da mai. A tsakiyar wannan duka, kan wani benci da aka shimfiɗa wa jarida, ga akwatin asibiti a buɗe, ƙarafuna na ƙyalli kowanne a gurbinsa. Saminu, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, yana riƙe da wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba yana goge shi da ƙyalle. Mijinyawa na ganinta ya miƙe zumbur, wayarsa na hannunsa, kiranta na ƙarshe bai ma gama nunawa ba.

"Yaya, ai yanzu nake shirin kiran ki."

Zalihatu ta ƙaraso gaban bencin. Ta tsaya tana kallonsa har ya gaji ya fara bayani da kansa, rabi da Hausa rabi da Faransanci, kamar yadda yake yi in ya rasa gaskiya. Ranar da akwatin ya iso, ya buɗe shi a shago. Ai haka ake yi, in sabon kaya ya zo layi dole maƙwabta su gani, kowa ya taɓa, ya auna nauyi a hannu, ya faɗi ra'ayinsa. Ƙarafunan suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har aka kira la'asar. Da ya zo rufewa, gurbi ɗaya babu komai a ciki. An duba ƙarƙashin tebura, an duba buhuna, har magudanar ruwa an sa an tona. Wanda ya ɓata ɗin na gwiwar dama ne, amma Allah Ya taimaka akwai ɗan'uwansa na hagu a akwatin, sai ya kawo wa Saminu ya ƙera irinsa, ya juya shi dama.

Saminu bai ga abin ɓoyo a ciki ba, alfahari ma yake yi. Ya miƙo mata ƙarfen ta riƙe. Mai faɗi ne, da ramuka uku na ƙusa da wata doguwar tsaga siririya a tsakiya. Ya ce daga tukunyar wani injin ƙanƙara ya yanko shi, ƙarfe ne da ba ya tsatsa har abada. Har lambobin kamfanin ya zana a jiki, ya kwafo su daga takardar da ke manne a murfin akwatin. Ta duba, ta duba na hagun, ba ta ga bambanci ba.

"Kuma na gyara musu kuskurensu, Hajiya," in ji Saminu. "Nasu tsagar ta ɗan karkace, ta yi baya. Na ɗora ma'auni na gani. Turawan ma in suna sauri haka suke. Nawa a miƙe yake ɗoɗar."

Zalihatu ta sake duban tsagar. Ita ce take raka Baba asibiti tun farko, ita ce take fassara masa abin da likita ya ce. Ta tuna ranar da Dakta Yapi ya ɗauki faifan kofin shayinsa ya ɗan karkata shi baya, ya ce saman ƙashin ƙafa haka Allah Ya yi shi, ba a miƙe yake ba, kuma da wannan ɗan gangaren ne gwiwa take lanƙwashewa har mutum ya zauna a kan dugadugansa. Ya ce ba hannunsa ne ke yanke shawarar inda zarto zai bi ba, akwai ƙarfe mai tsaga da ake kafawa a jikin ƙashin, zarto ya bi ta cikinsa.

Ta gaya musu haka. Saminu ya cire tabaransa ya ce shekara talatin da biyar yana yanka ƙarfe, bai taɓa ganin inda karkatacce ya fi miƙaƙƙe ba. Mijinyawa ya duba agogo, ya rufe akwatin, ya ce a yi maganar a mota.

Tasi suka ɗauka. Kafin su kai gada cunkoso ya tsayar da su, rana ta fara zafi, direba ya kashe mota yana sauraren rediyo. Akwatin na kan cinyar Mijinyawa, ya rungume shi kamar za a ƙwace. Ya fara da lallashi. Ya ce bambancin bai kai kaurin farce ba, ita da kanta ta duba ba ta gani ba. Ya ce likita ne fa, yana da ido, in wani abu bai yi daidai ba a ciki zai gani ya gyara da hannu. Ya ce Saminu ne ke ƙera ƙarafunan birkin rabin gbakan Adjamé, wa ta taɓa ji ya mutu.

"Wanda ya mutu ba zai dawo ya gaya maka ba," in ji ta.

"Yaya, pardon. Ki bar wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Suka matsa tsawon mota biyu. Sannan Mijinyawa ya sauya salo. Ya ce ta tuna fa Baba bai ci komai ba tun jiya da isha'i. Ta tuna jiya duk mutanen unguwarsu ta Williamsville sun zo sun yi masa addu'a, liman da kansa ya zo. In aka fasa, sai an nemo sabon ƙarfe daga Istanbul, wata ɗaya ko biyu, kuma wa ya sani ko likitan zai sake yarda da kayan da suka biyo ta hannunsu. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ke ransa tun farko, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gada. Ya ce tunda aka haife shi wannan ne karo na farko da Baba ya nuna shi a gaban mutane ya ce ga wanda ya kawo.

Wannan ya fi sauran ba ta haushi, domin gaskiya ne. Ta juya kai ta ɗaya tagar. A ranta ta ce bari a kai, masu asibiti za su gane da kansu, ba sai ita ta buɗe baki ba. Ai aikinsu ke nan.

Sha ɗaya saura minti goma suka shiga. Madam Akissi, ma'aikaciyar ɗakin tiyata, ta tare su a ƙofa da faɗan da ta tara na kwana uku, ta karɓi akwatin ta ɗora a kan tebur mai taya. Ta buɗe, ta zaro takardar murfin, tana bin ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya da bayan biro tana duba lambobi. Biron ya iso kan ƙarfen Saminu. Madam Akissi ta ɗaga shi, ta karanta lambar, ta mayar, ta wuce na gaba. Ta ce komai ya cika, ta tura teburin ciki, ƙofa ta rufe a bayanta.

Mijinyawa ya sauke ajiyar zuciya har ana ji. "Kin gani? Y a pas drap, ba matsala." Ya ce bari ya je ya yi alwala.

Baba na zaune a bakin gado cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, wadda tun safe yake ƙorafi a kanta. Ya ce an sa masa rigar da ko a Maraɗi da yana yaro bai taɓa yawo da irinta ba. An aske masa gwiwa, an zana mata alama da biro kamar buhun da za a aika. Amma fuskarsa a sake take. Ya tambaya ko kayan sun iso, ta ce sun iso. Ya ce Alhamdu lillahi, yaron nan ya yi ƙoƙari.

Ta zauna a kujerar gefen gado. Baba ba mai yawan magana ba ne da ita, amma yunwa da jira sun buɗe masa baki. Ya ce shekara biyu da wata huɗu ke nan yana sallah a kujerar roba a gefen masallaci, shi da tsofaffi uku da ko liman ba sa ji. Shi da ya yi shekara arba'in a sahun farko, bayan liman daga dama. Ya ce ba tafiya ce ta dame shi ba, da sanda ma mutum yana tafiya. Abin da ya tambayi lokotoro, wato likita, tun ranar farko guda ɗaya ne, ko zai sa goshinsa a ƙasa kuma ya zauna tahiya kamar kowa. Lokotoro ya ce bai yi alkawari ba, amma shi ya sa ya zaɓi rabin gwiwa, domin in ƙarfen ya zauna daidai ya fi ba da damar lanƙwasa.

"In ya zauna daidai," in ji Zalihatu.

"Haka ya ce. Ke kika fassara ai."

Ta tashi ta leƙa ta taga, ta dawo ta zauna. Ta gyara masa matashi da bai nemi gyara ba. Aka yi azahar, ta yi sallah a lungun ɗakin, ta rasa raka'a nawa ta yi. Mijinyawa ya shigo ya zauna a ƙarshen gado yana ba Baba labarin Istanbul, Baba na dariya, lokaci-lokaci Mijinyawa na ɗago ido yana roƙonta da kallo. Ta yi ta gaya wa kanta cewa likita zai gani. Sai kuma ta tuna cewa lokacin da zai gani, in ma ya gani, Baba na kwance an riga an buɗe gwiwar. In kuma bai gani ba, zarto ba ya mayar da abin da ya yanke.

Ƙarfe biyu da kwata wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya ya ce za a sa wa Papa ruwa a hannu. Zalihatu ta miƙe ta ce tana zuwa. Mijinyawa ya biyo ta har baranda, ya riƙe gefen mayafinta.

"Yaya, don Allah."

"Sake ni."

"Zai ce ni na hana shi."

"Kai ka hana shi. Sake min mayafi, mutane na kallo."

Dakta Yapi na ofishinsa, ya riga ya sa shuɗin kayan aiki, yana cin ayaba a tsaye. Ta faɗa masa cikin Faransanci, a taƙaice, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Ya daina tauna. Ya sa ta maimaita wurin injin ƙanƙara. Sannan ya ɗaga waya ya ce Madam Akissi ta kawo masa masu tsaga biyun, na dama da na hagu, da ruwan zarto guda.

Ta kawo su a naɗe, da sauran ɗuminsu, tana cewa ita fa ta duba lamba kuma lamba daidai take. Likita ya jera su a tebur, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin teburin. Ya zura ruwan zarton a na hagu, ya shige cif, ya tsaya a ɗan gicciye. Ya zura a na Saminu, ya tsaya a miƙe, kuma da ya taɓa shi da yatsa sai ya yi rawa a cikin tsagar. Ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa. Ya ce aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ya ce a cikin jini da hasken fitila, da wuya ya lura.

Mijinyawa, da ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaya ko bambancin yana da yawa. Likita ya ce digiri biyar ne, ko kusa da haka. In aka yanke ƙashin a miƙe, gwiwar za ta matse duk lokacin da aka lanƙwasa ta. Tsohon zai yi tafiya, amma zama a ƙasa sai dai ya manta da shi. Bayan 'yan shekaru ƙarfen yana iya girgiza, a dawo a cire, a canza gwiwar gaba ɗaya. Mijinyawa ya ce to a yi da na hagun mana a juya shi. Likita ya ce ba ya juyuwa. Ya ce to na wani kamfanin da ke asibitin fa. Likita ya ce kowane da nasa gangaren. Ya ce to da hannu fa, ai Dakta gwani ne.

"A gwiwarka zan iya gwadawa," in ji Dakta Yapi. "A ta mahaifinka a'a."

Ya ce zai rubuta wa kamfanin da kansa, su aiko da ƙarfen kai tsaye asibiti, kada ya bi ta shagon kowa. Mako biyar ko shida. Ya tambaya wa zai gaya wa tsohon. Mijinyawa ya duƙar da kai yana kallon takalminsa. Zalihatu ta ce ita.

An riga an sa wa Baba allurar ruwan a bayan hannu. Ta tsaya a gaban gadon ta faɗa masa daga farko, shago, maƙwabta, magudanar ruwa, Saminu. Bai katse ta ba. Fuskarsa ta yi ta rufewa a hankali. Da ta gama, Madam Akissi ta shigo ta zare allurar, ta danna auduga, ta ce, "Yako, Papa," wato sannu, ta fita da sauri.

Baba ya daɗe yana kallon alamar biron da ke kan gwiwarsa. Ya shafa ta da babban yatsa, ba ta gogu ba. Ya ce a ba shi rigarsa. Mijinyawa ya yi sauri ya ɗauko, ya fara cewa wallahi Baba shi niyyarsa, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce masa ya tafi Williamsville yanzu, ya riga su isa. Duk wanda ya zo addu'a jiya, ya bi shi gida ya gaya masa abin da ya faru da bakinsa, ya fara da liman. Kada ya ce wuta ce ta ɗauke, kada ya ce likita ne ya yi tafiya. Mijinyawa ya tsaya kamar zai yi magana, sannan ya fita.

Suka rage su biyu. Zalihatu ta tsaya da hularsa a hannu tana jiran nata rabon. Ta san Baba. Ta riga ta shirya jin cewa ta tona asirin ɗan'uwanta a gaban baƙi, ko ya ƙi yi mata magana har mako shidan su cika. Ya sa riga da ƙyar, ya ƙi a taimaka masa, ya sauko da ƙafar a hankali yana cije leɓe.

"Yaushe kika sani?"

"Da safe, Baba. A wurin Saminu."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen tara da rabi."

Ya duba agogon bango. Uku saura minti ashirin.

"Tun tara da rabi," ya ce. "Kika zo kika zauna a nan, kina kallona da rigar nan, cikina na kuka, ina ba ki labarin tahiya."

"Na zaci su za su gane."

"Su 'ya'yana ne?"

Ta miƙa masa hularsa. Ya karɓi hular ya sa, ya laluba sandarsa a jikin gado, sai a yunƙuri na biyu ya miƙe.

"Gobe in kin ga abu, ki faɗa da safe, mutum ya samu ya karya," in ji shi. "Je ki gani ko akwai mai garba, garin rogon nan da soyayyen kifi, a bakin titi. A sa kifi biyu, kada a cika barkono."